Ruwa Biyu, Ƙasa Uku: Tarihin Su a Tafkunan Dandi

Wanda ya sauka Kamba a watan Janairu, ya bi hanyar kudu zuwa Dole Kaina, zai ga abin da zai ɗaure masa kai. Wata uku ke nan rabon da a ga ɗigon ruwan sama. Hunturu ya busar da ciyawa, kaushi ya tsattsaga ƙafafu, hazo ya rufe rana. Amma yana isa bakin Kwara sai ya tarar da gulbi a cike, yana tafiya a natse, ruwan ya yi duhu kamar shayin da ba a sa wa madara ba. To, ina aka yi wannan ruwa? An yi shi ne tun cikin damina, a kan tsaunukan ƙasar Gini, fiye da kilomita 2,500 daga nan idan aka bi gulbin. Da ya gangaro ƙasar Mali sai ya faɗa wata makekiyar fadama tsakanin Mopti da Tambutu, ya bazu cikin tafkuna da ciyawar burgu, ya yi watanni yana laluben hanyar fita. A can yake sauke lakar da ya ɗauko, shi ya sa yake iso mana a tace. Masana ruwa a Najeriya baƙin ruwa suke ce masa, kuma tsakanin Janairu da Fabrairu yake kai ƙarshen cikarsa a wannan yanki.

Kafin shi akwai wani. Daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan saman da ya sauka a gabashin Burkina Faso da arewacin Benin da ƙasar Sakkwato yana kwararowa da gaggawa, ɗauke da laka. Wannan shi ne farin ruwa. A Yamai kuwa jan ruwa ake kiransa, saboda jar ƙasar da yake wankowa. Ke nan gulbin da ya ratsa tsakanin Gaya da Malanville, ya shigo Najeriya ta Dole Kaina da Lolo, ya wuce Illo da ƙasar Bagudo, sau biyu yake cika a shekara, ɗaya da damina, ɗaya da tsakiyar ɗari. Duk wanda bai riƙe wannan ba, ba zai gane tarihin su a nan ba.

Idan na ce tafkunan wannan yanki, kada mai karatu ya kawo Tafkin Cadi a ransa. Namu ƙanana ne, suna warwatse a fadamun Kwara da na Gulbin Kebbi, wanda yake haɗuwa da ita ƙasa da Illo. Yawancinsu ba su cikin taswira, amma kowanne yana da suna a bakin mutanen ƙauyen da ke kusa da shi. Gulbi ne yake haifar su duk shekara. Idan ya tumbatsa sai ya tsallake gaɓa ya cika kwaruruka, idan ya janye sai ya bar su a baya, kowanne da rabonsa na kifi. Wasu kafin bazara sun ƙafe ƙaf, wasu suna riƙe ruwa har wata damina ta zagayo.

Kifi kuwa ba a tsakiyar gulbi yake hayayyafa ba. Da ruwa ya fara hawa sai ya bi shi cikin ciyawa, inda akwai abinci da maɓoya. Bargi yakan share wuri ya kewaye shi da ciyawa kamar mai kafa bukka, ya zuba ƙwai a ciki. Yauni yana haɗa sheƙa mai yawo a kan ruwa, ya tsaya gadi, kuma masunta sun san ba a yi masa wasa a wannan lokaci, don cizonsa ba na raha ba ne. Tarwaɗa tana iya shaƙar iska, tana jan ciki cikin danshi daga wannan kududdufi zuwa wancan. Gaiwa ta fi kowa dabara: idan tafki ya ƙafe sai ta nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙi, ta yi kwance wata da watanni har ruwa ya dawo. ’Ya’yan ƙarfasa da kawara da falia da kurungu duk cikin burgu suke girma, giwan ruwa da tsage suna bin su suna ci. Iyakar faɗin ƙasar da ruwa ya rufe, da iyakar daɗewar da ya yi a kanta, iyakar yawan ’ya’yan da za su tsira. Wani masani ɗan Ingila, Robin Welcomme, wanda ya yi aiki a Dahome kafin ya koma Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna haka da alƙaluma a littafinsa na 1979 kan kogunan da ke da fadama: kamun bana yana bin girman ambaliyar bara da ta bara waccan. Basarke bai buƙaci littafi ba kafin ya san wannan, amma yana da kyau da aka rubuta, domin masu gina madatsun ruwa littafi suke karantawa.

Su wa suka fara mallakar wannan ruwa? Sunan ƙasar ma ya ba da amsa rabi. Dandi kalmar Songhai ce, tana nufin gangare, wato inda ruwa ya dosa. A cikin al’ummar Songhai akwai wani jinsi da ake kira Sorko, waɗanda ba su da sana’a sai gulbi. Labaransu na baka suna danganta su da wani kaka mai suna Faran Maka Bote, gwanin farautar dorina, suna kuma ambaton Harakoi Dikko, wadda suka ɗauka ita ce uwar ruwa. Da mashi suka yi suna kafin raga: dorina da kada da ayu su ne manyan abin farautarsu. Da daular Songhai ta yi ƙarfi, jiragen Sorko suka zama ƙafafunta. Sonni Ali, wanda ya yi mulki daga 1464 zuwa 1492, da jiragen ruwa ya yi wa Jenne ƙawanya, kuma a fadar Gao akwai babban muƙami na shugaban jirage, ana ce masa Hi-koi.

Daga wannan suna, Sorko, Hausa ta samo Sarkawa. Waɗanda suka zauna a fadamun Kabi sun auri Kabawa, suka ɗauki Hausa, har sarkanci ya tashi daga sunan jinsi ya koma sunan sana’a. Kabi kuwa daular ruwa ce tun asalinta. Wajen 1516 Kanta ya ɓata da Askiya Muhammadu a kan rabon ganima bayan yaƙin Agadas, ya ɓalle, ya kafa mulkinsa a Surame, kuma fadamun da ruwa ke shanyewa suna cikin abin da ya sa dawakin Songhai ba su iya murƙushe shi ba. Har yau ana ba da labarin jirginsa da aka ce an lulluɓe da tagulla, wanda yake zagaya ƙasa da shi idan ruwa ya cika. Da Marokawa suka karya Songhai a Tondibi a 1591, Dandi ce ta zama mafakar ragowar gidan Askiya. Saboda haka mutanen da ke zaune yau daga Kamba zuwa Illo, Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Kabawa da Busawa da Fulanin Kaoje, sun daɗe suna shan ruwa ɗaya kafin a san wani abu wai shi fasfo.

A wancan tsari ruwa iri biyu ne. Akwai gulbi mai gudu, wanda aikin masu jirgi ne, su Sarkawa, da taru da mari-mari da mashi. Akwai kuma tafki da gurbi, wato wuri mai zurfi da kifi ke taruwa idan ruwa ya ja baya. Waɗannan suna da masu su. Wani na gari ne, wani na wani gida ne da ya gada, kuma Sarkin Ruwa ne yake faɗin ranar da za a shiga. Kafin wannan rana ko yaro bai isa ya jefa fatsa ba. Idan ta zo sai a yi shela, ƙauyuka su hallara, manoma da ba su da jirgi su faɗa ruwa da homa a hannu da gora a ƙirji, a yi su na gayya, a fitar da rabon mai ruwa da na sarki. A ƙasar Kabi ana yin gyaran ruwa da fashin ruwa kafin a buɗe kamun shekara. Dalilin da ake bayarwa a da na iskoki ne, amma abin da dokar take haifarwa a fili yake: kifi yana samun watannin da zai yi ƙwai ya girma ba tare da an dame shi ba.

Ba na cikin masu cewa mutanen da duk masu tattali ne. Sun san magimfa, suna daka ta su zuba a kududdufi kifi ya bugu ya taso, babba da ƙarami. Abin da ya tsare kifi, ban da dokar Sarkin Ruwa, har da raunin kayan aiki. Ragar da aka saƙa da zaren rama ko auduga tana cin watanni kafin a gama ta, tana ruɓewa idan ba a shanya ta ba, kuma kifi yana ganinta, kamar yadda karin maganar mai jar koma ta faɗa. Mutane kaɗan ne, kasuwa tana da nisa, kifi kuma ba ya jiran mai saye.

Wanda yake son ya ga inuwar wannan tsohon tsari, ya je Argungu, hedikwatar masarautar da Kamba take ƙarƙashinta. Bayan masu jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, da tawayen Yakubu Nabame a 1849, Kabawa da ƙawayensu Arawa da Zabarmawa da Dandawa sun shafe mafi yawan rabin ƙarni suna fafatawa da Gwandu da Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu’azu ya kai ziyara Argungu, Sarkin Kabi Muhammadu Sama ya shirya masa su na gayya don girmamawa, kuma daga nan bikin da duniya ta sani ya samo asali. UNESCO ta sa shi cikin al’adun gadon ɗan Adam a 2016. Abin da masu kallo ba su cika lura da shi ba shi ne, Matan Fada tafki ne irin na da: a rufe yake duk shekara, sai rana ɗaya, ita ma na kamar awa guda. Shi ya sa ake iya fito da giwan ruwa mai kilo 75 kamar na 2005. A 2008 kuwa sai da aka ƙwace kyautar wanda ya zo na ɗaya, bisa zargin cewa daga wani ruwa aka kawo kifin a mace. Ni dai abin da na karanta a wannan abin kunya shi ne, babban kifi ya zama abin da ake fatauci da shi a ɓoye kamar zinariya.

Mu koma bakin iyaka. Ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris kan yarjejeniyar raba wannan ƙasa. Suka ce layin zai taɓa Kwara a wani wuri mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Aka ƙara gyara ɓangaren arewa a 1904 da 1906. Da ƙura ta lafa, Dandi ta zama kashi uku: Gaya a Nijar, Karimama a Dahome, Kamba da Illo a Najeriya. Waɗanda suka ja layin hanyar jiragen fatauci ce a gabansu, babu wanda ya tambayi inda bargi yake ƙwai.

Abin mamaki, zamanin Turawa bai tsare Sarkawa ba, sai ma ya sake su. Yaƙe-yaƙe sun ƙare, garuruwan kudu suna girma suna neman kifi, hanyoyi sun buɗe. Wani jami’in mulkin mallaka, P. G. Harris, ya wallafa bayani a kan masuntan Kabi a 1942. Bayansa wani Bafaranshe, Jean Rouch, wanda ya bi Kwara cikin kwale-kwale daga kusa da mafarinta har teku a 1946 zuwa 1947, ya rubuta maƙala a 1950 a kan Sarkawa, ya kira su masunta matafiya. Abin da ya gani shi ne mutane masu jin Hausa, ’yan asalin ƙasar Kabi, suna haurawa da manyan jirage da iyalansu zuwa ƙasar Gao da gaba da ita, su kafa tunga a kan yashi, su yi watanni suna kamu suna banda, sannan su gangaro da kayan zuwa kasuwannin Najeriya. Jikokin Sorko ke nan suka koma ƙasar kakanninsu da wani harshe a baki. Duk inda ka ji ƙauye mai suna Tungar wane a bakin gulbin nan, yawanci haka ya faro: zangon rani da ya ƙi tashi.

Daga shekarun 1950 zuwa 1960 zaren nailan ya shigo, ya sauya komai cikin ɗan lokaci. Raga ta zama abin saye a kasuwa, ba ta ruɓewa, ba ta buƙatar gwanin saƙa. Kalli da birgi suka yawaita. Daga baya aka kawo ragar roba mai siririn zare wadda kifi ba ya gani ko da rana tsaka, aka kuma ɗaura wa jirage inji. Manomin da a da sai ranar su yake shiga ruwa, yanzu yana iya shimfiɗa kalli da yamma ya kwashe da asuba kafin ya tafi gona. Sarkin Ruwa yana iya tsare tafkin da ake shiga da ganga da shela, amma tsare dare aiki ne dabam.

Sai fari ya zo, na 1973, da wanda ya fi shi muni a 1984. A watan Yunin 1985 Kwara ta tsaya cak a Yamai, abin da ba a taɓa rubuta irinsa ba tun da aka fara auna ruwanta. A babbar fadamar Mali kamun kifi ya ragu da kusan rabi. Tafkuna da yawa a yankinmu ruwa bai kai gare su ba shekara da shekaru, kuma tafkin da ya yi shekara biyar a bushe gona yake zama, mai gona kuwa ba ya tashi don ruwa ya dawo. A wannan zamani ne tafiyar ta juya: masuntan Mali suka gangaro suna neman ruwa, suka zo da wata gura ta sanda da raga mai sauƙin haɗawa, wadda har yau gurar Mali ake ce mata daga Kainji har Tafkin Cadi. Kifi kowane iri tana kamawa, har wanda bai kai tsawon yatsa ba.

Na ambaci Kainji, kuma dole in daɗe a kanta, don ita ce tafki mafi girma da masuntan Kebbi suka taɓa samu, ita ce kuma wurin da aka fi ƙirga abin da ya faru. An fara ginin madatsar a 1964, aka toshe gulbi a 1968. Ruwa ya taru ya yi tafki mai faɗin murabba’in kilomita kusan 1,270, ya miƙo arewa har ƙasar Yauri. Mutum kusan 44,000 aka tayar, tsohuwar Bussa ta nutse, tsibiran Gungawa da yawa suka tafi tare da ita. Amma shekarun farko sun zo da abin da ba a zata ba. Gonaki da dazuzzukan da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abinci, kamar an yi ambaliya guda wadda ba ta janyewa. Falia ta yi yawan da ba a taɓa gani ba. A farkon shekarun 1970 kamun shekara ya kai wajen tan 28,000. Labari ya bazu, Sarkawa daga Argungu da Bagudo da Dandi suka kwarara, tungaye suka cika gaɓa.

Kafin 1978 kamun ya faɗo ƙasa da tan 5,000. Abincin da ruɓaɓɓen daji ya bayar ya ƙare, masunta sun yi yawa, idon raga yana ta ƙanƙancewa. Sai aka juya ga warangi, ɗan mitsitsin kifin nan mai sheƙi da ake shanyawa a rana, aka shigo da dala, doguwar raga mai ido kamar na gidan sauro, wadda ake ja daga gaɓa. Alƙaluma suka sake tashi: a 1996, lokacin da wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus da aka fara a 1993 yake ƙidaya, an sami sama da tan 38,000, kaso mai yawa warangi ne. Wanda ya kalli lambar kawai zai ce arziki ya dawo. Amma dala ba ta zaɓe. Tare da warangi take kwaso ’ya’yan falia da ƙarfasa da giwan ruwa, a shanya su duka a sayar da mudu. Dokar tarayya ta 1992 ta riga ta hana guba da nakiya, ta kuma sa ƙa’idar idon raga a milimita 76, wato inci 3, in ban da kayan da aka keɓe don irin su warangi. Jihohin Kebbi da Neja suka yi nasu dokokin, aka hana dala a ƙarshen shekarun 1990. Zuwa 2001 kamun shekara ya sauko wajen tan 13,000.

Abin da ya fi jan hankalina a wannan shiri ba alƙaluman ba ne. Da masana suka zo aiwatar da hanin, sun tarar cewa ma’aikacin gwamnati da babur ɗaya ba zai iya tsare gaɓar ɗaruruwan kilomita ba. Sai aka koma wurin sarakuna da hakimai da sarakunan ruwa, aka sa su cikin yankan lasisi da sa ido. Wato bayan shekara talatin da cibiyar bincike a New Bussa, an dawo ga mutumin da ke faɗin ranar shiga tafki. Dokar ta yi aiki gwargwadon ƙarfin da aka sa mata, kuma da shirin ya ƙare, ƙarfin ya ragu. Wanda ya san kasuwar Yauri ya san warangi bai ɓace daga cikinta ba.

Sai dai Kainji tana ƙasa da Dandi. Ta ja mutanenmu, ta tare kifin da ke haurowa daga kudu, amma ba ita ke riƙe da ruwan da ke cika tafkunan Kamba da Bagudo ba. Masu riƙe da shi suna sama. A kan Gulbin Kebbi da reshensa akwai Bakolori da aka gama a 1978, da Goronyo a 1984. Wani mai bincike, William Adams, ya bi ƙauyukan da ke ƙasa da Bakolori a farkon shekarun 1980, ya tarar ambaliya ta ragu, shinkafar fadama ta ja baya, kamun kifi ya faɗi har wasu masunta sun bar gida. Lissafin ribar madatsar bai sa wannan asara a ciki ba. A kan Kwara kanta akwai Markala a Mali tun 1947, mai karkatar da ruwa zuwa gonakin shinkafa da rake, da Selinge a kan wani reshenta tun farkon shekarun 1980. Kowace tana rage wani abu daga baƙin ruwa kafin ya iso. Akwai hukumar ƙasashe tara masu raba kogin, wadda aka kafa a 1964 aka sake mata fasali a 1980, hedikwatarta tana Yamai. Wutar lantarki da noman rani ne manyan batutuwan teburinta. Kifin tafki ba ya shiga asusun gwamnati, saboda haka muryarsa ƙarama ce.

Iyakokin da Turawa suka bari ma ba su yi barci ba. Benin da Nijar sun yi shekara arba’in da wani abu suna jayayya a kan tsibirin Lete, sama da Gaya, har Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 12 ga Yuli 2005. Ta ba Nijar tsibirai 16 har da Lete, ta ba Benin 9, ta ce iyaka tana bin layin da ya fi zurfi a babbar hanyar jirage. A wurin alƙali wannan magana ce mai tsabta. A wurin masunci kuwa, wuri mafi zurfi shi ne gurbin da kifi ke taruwa da bazara, wato an ɗora iyaka daidai kan abincinsa. Wanda ya shimfiɗa raga a nan, rabinta tana wata ƙasa, kuma kowace gaɓa tana da mai kaki da takardar da yake son gani. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 aka sake rufewa, aka toshe gadar Gaya da Malanville, sai kwale-kwale ya koma ɗaukar mutane da buhuna. Masu jirgi da yawa sun ga cewa fito ya fi su kawo kuɗi. Ba na ganin laifinsu. Kwalin banda da ya kwana uku a shingen bincike ƙwari ne suke cin ribarsa.

Yau babbar mai takara da kifi a fadamun Kebbi ita ce shinkafa. Tun da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noman rani ya bazu ƙwarai. Injin ban-ruwa yana zuƙe tafki kafin lokacinsa, ana nome burgun da ’ya’yan kifi ke fakewa a ciki, maganin ciyawa yana gangarawa inda ruwa ya taru. Sau da yawa mai shinkafar da mai ragar mutum ɗaya ne, kuma ya yi lissafinsa: buhu yana da farashi a Kamba, yana da mai saye tun kafin a girbe, kifin da zai girma a tafkin gari kuwa ba shi da tabbacin shi zai kama shi. A da Sarkin Ruwa ne yake warware irin wannan lissafi, domin yana iya hana kowa lokaci ɗaya. Yanzu ikonsa bai kai kan injin da ke gaɓa ba, balle kan takardar filin da aka yanka a ofis.

Can sama da Yamai kuma, kimanin kilomita 180, Nijar tana gina madatsar Kandaji. An aza harsashinta a 2008, aka sake tayar da aikin a 2019 da wani kamfanin ƙasar Sin, ya kuma sha tsayawa, har da bayan juyin mulkin 2023. Nijar tana da hujjarta: tana son megawat 130 na wuta, tana son kada abin da ya faru a 1985 ya sake faruwa. Ruwan da madatsar za ta riƙe ƙaramin kaso ne na abin da ke wucewa a shekara, kuma ƙarin ruwa da bazara zai amfani garuruwan ƙasa, har da namu. Amma tafki ba da matsakaicin ruwa yake cika ba. Yana cika ne a ’yan makonnin da gulbi ya kai ƙololuwa ya tsallake gaɓa, kuma taƙi ɗaya da aka rage a wannan lokaci yana iya barin kwari guda a bushe. Ranar da aka gama Kandaji, baƙin ruwan da ake gani a Dole Kaina cikin Janairu ta ƙofofinta zai riƙa biyowa.